Madatsar ruwan Jibiya da manoman Ɗan Issa: wa ke cin riba, wa ke biya?

Duk ɗan kasuwar da ya taso daga Maraɗi zuwa Katsina sai ya ratsa Ɗan Issa kafin ya tsallaka iyaka ya shiga Jibiya. Ruwa ma wannan hanya yake bi, amma shi daga kudu yake gangarowa. Gulbin da ƴan Najeriya ke kira Gada shi ne Gulbin Maraɗi: daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar ta yankin Ɗan Issa, ya bi ta Madarumfa da Maraɗi, sa'an nan ya koma Najeriya ya haɗu da Rima.

Najeriya ta kammala madatsar ruwa bisa wannan gulbi a Jibiya, mai iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 142. An gina ta domin a shayar da garin Jibiya, a kuma yi noman rani a fili kimanin hekta 3,500. Ga kamun kifi, ga shayar da bisashe, ga rage ɓarnar ambaliya. A takarda dai ribar a bayyane take.

Sai dai irin wannan aiki kuɗinsa kashi biyu ne. Akwai kuɗin gini, wanda gwamnati kan ɗauka, domin babu manomin da zai iya biyan sa da gero ko albasa. Akwai kuma kuɗin tafiyar da aiki: man injin ko wutar lantarki, gyaran magudanai, albashin ma'aikata, da ajiyar da za a sake famfo in ya mutu. Wannan kashi na biyu shi ne ake ɗora wa manomi, kuma a nan ne yawancin ayyuka ke durƙushewa. A Jibiya kanta, galibin filayen sai injin ya ɗaga musu ruwa, kuma tsadar gazuwal ta sa an yi shekaru ana noma ƙasa da abin da aka tsara.

Wannan gefen iyaka, misalin da kowa ya sani shi ne Jiratawa, cikin gundumar Madarumfa. A farkon shekarun 1980, ƙarƙashin shirin raya karkara na Maraɗi wanda Bankin Duniya ya tallafa, aka gyara fili sama da hekta 500, ana jawo masa ruwa daga rijiyoyi masu zurfi da famfon lantarki. Hukumar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita ce mai ba da shawarar aiki. Bayan taron Damagaram na 1982 kuma aka miƙa ragamar irin waɗannan filaye ga ƙungiyoyin manoma. Ka'idar ita ce kowane mai fili ya biya rabonsa na kuɗin ban-ruwa bayan girbi, wanda ya ƙi biya kuwa ana iya karɓe filinsa a ba wani.

Ka'idar ba ta da aibi, amma tana da sharaɗi: sai ruwa ya zo kan lokaci, amfanin gona kuma ya yi daraja a kasuwa. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kuɗin kayan gyaran famfo da ake sayowa daga waje ya haura, alhali buhun manomi bai ƙara nauyi ba. In kaɗan suka kasa biya, ƙungiya ta kasa biyan kuɗin wuta; in aka yanke wuta, shukar wanda ya biya da ta wanda bai biya ba tare suke bushewa.

A nan ne zancen madatsar ya shafi Ɗan Issa. Malalar gulbi a damina ita ke cika rijiyoyin fadama, ita ke kawo laka mai taki, da ita kuma ake shuka bayan janyewar ruwa. Ruwan da aka tare a Jibiya ya rage wannan malala. In ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa, sai mai lambu ya ƙara zurfin rijiya, ya ƙara mai a injin. Ke nan yana biyan wani kaso na kuɗin madatsar da ba a sa sunansa cikin masu cin moriyarta ba.

Ba a rasa hanyar gyara ba. Ranar 18 ga Yuli 1990, a Maiduguri, Nijar da Najeriya suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ruwan gulabe huɗu da suka haɗa su bisa adalci, Gulbin Maraɗi na cikinsu, kuma hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu da ke Yamai tun 1971 ita ce mai lura da ita. Abin da manomin Ɗan Issa ke bukata shi ne a san ranar da za a saki ruwa da yawan da za a saki, a kuma sanar da shi kafin ya ci bashin iri da taki. Ma'aikacin da ke neman manomi ya cika alkawarin biya, ya kamata ya fara tabbatar masa da ruwan da zai biya dominsa.