Takardun Yaƙi: Wanda Ake Tuhuma Shi Ke Riƙe da Makulli

A watan Fabrairu na 1902 rundunar Kanar Morland ta shigo Bauchi tare da William Wallace, mataimakin Gwamna Lugga. Ba a gwabza ba. Aka tuɓe Sarki Umaru, aka ajiye Charles Temple a matsayin Razdan. Tun daga lokacin, duk abin da bindigar Bature ta aikata a wannan yanki, alƙalamin Bature ne ke ba da labarinsa. Hafsa ya rubuta rahoto, a tura hedikwata, hedikwata ta tace ta aika Ofishin Mulkin Mallaka a Landan. In wata rana gwamnati ta ce za ta binciki yadda aka yi wani yaƙi, wannan sarƙar ake bi a koma baya, takarda bayan takarda.

Jama'a kan ɗauka cewa bincike shi ne zaman da ake nunawa a talabijin, alƙali a sama, lauyoyi na ta "ya mai shari'a". Wannan ƙarshen aiki ne. Tushensa yana hannun sakatarorin da ke rubuta wa ma'aikatu da barikoki suna neman fayil: umarnin fita daga, littafin da runduna ke rubuta abin da ya faru kullum, saƙonnin waya, lissafin harsasan da aka fitar da waɗanda suka dawo, rajistar asibiti, takardar albashi. Gogaggen mai bincike ya fi son ƙananan takardun nan a kan dogon rahoton kwamanda. Kwamanda ya san za a karanta nasa, saboda haka yana gyara zance. Shi kuwa ma'ajin makamai lissafi kawai yake yi don kada a ce ya ci. In rahoto ya ce 'yar arangama aka yi, lissafi kuma ya nuna akwatunan harsashi sun ƙare ƙarƙaf, to an sami abin tambaya.

Matsalar ita ce duk waɗannan takardu suna ajiye a wurin wanda ake bincika. Hausawa dai sun riga sun faɗi abin da ke faruwa in aka ba kura ajiyar nama.

Dubi yadda aka yi da yaƙin Kano da Sakkwato. Lugga ya shirya fita ba tare da ya fayyace wa iyayengijinsa na Landan ba, har sai da labari ya ɓulla a jarida a ƙarshen 1902. 'Yan majalisar Ingila suka yi ca, suna neman bayani. Gwamnati ba ta kafa kwamiti ba. Abin da ta yi shi ne ta zaɓo wasiƙun da suka gudana tsakaninta da Lugga, ta buga su a 1903, ta miƙa wa majalisa. Ofishin da ake tambaya shi ya zaɓi abin da za a gani. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris, kuma nasara ta rufe bakin masu tambaya.

Cikin hujjojin da Lugga ya dogara da su akwai wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, mai nuna cewa ba abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Fassarar Turanci ce ta yaɗu. Asalinta na Larabci bai taɓa fitowa ba, shi ya sa D. J. M. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya yi mata tambayoyi masu zafi a littafinsa na 1964. Wa ya karɓe ta? Wace rana? Wa ya fassara? Waɗannan su ne tambayoyin farko da ya kamata a yi wa kowace takarda, amma wannan sai da ta shekara sittin kafin a yi mata su da gaske.

Sai Burmi, wadda a lokacin take cikin Lardin Bauchi, yau kuma a Jihar Gombe. A watan Mayu na 1903 mutanen garin suka kori Kyaftin Sword, ya janyo jiki ya dawo Bauchi da raunanansa. Ranar 27 ga Yuli Turawa suka koma da ƙarfi. Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yi hijira bayan faɗuwar Sakkwato, ya yi shahada, Manjo Marsh da ya jagoranci harin shi ma ya mutu, kuma lissafin Turawa da kansu ya kai gawa fiye da 600 daga ɓangaren masu hijira da mutanen gari. Babu kwamitin da ya zauna a kan Burmi. Abin da ya hana labarin zama na bakin mutum ɗaya shi ne wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, da bakin tsofaffin da suka ga yaƙin, da zuriyar Mai Wurno ɗan Attahiru da suka zauna a Sudan. A ganina, binciken da ya tsaya a kan fayil ɗin soja kaɗai, bai nemi shaidar wanda aka harba ba, rabin bincike ne ko da shafinsa dubu.

Ba halin Turawan da ke mulkin mallaka kaɗai ba ne. Ko a gida, da Ingila ta sha kashi a yaƙin Galifoli, gwamnatin Firayim Minista Asquith ta yi alkawarin fito da takardu a 1916, sannan ta janye da sunan tsaro, ta kafa kwamitin da ya yi zamansa a asirce. A 2011 kuma, ƙarar da tsofaffin Mau Mau na Kenya suka shigar ce ta tilasta wa Ingila amsa cewa ta ɓoye dubban fayilolin ƙasashen da ta mallaka a Hanslope Park.

Mu ma ba mu tsira ba. Rahoton kwamitin Oputa, da aka kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan'adam, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, ƙungiyoyin farar hula ne suka baza shi. A 2017 an naɗa kwamitin Mai Shari'a Biobele Georgewill don duba halin sojoji a fagen fama, ya miƙa rahoto, jama'a ba su gani ba. Na Mai Shari'a Abdu Aboki, wanda Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta kafa a 2023 bayan zarge-zargen kamfanin labarai na Reuters, shi ya bayyana sakamakonsa a 2024: ya wanke sojoji daga zargin tilasta wa mata zubar da ciki, ya kama su da kisan fararen hula a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Marte.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardar gwamnati, sai dai ta bar ƙofar hanawa in an ce tsaro. Tsofaffin fayilolin Lardin Bauchi kuwa ba a kulle suke ba. Suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, ƙarƙashin lambar BAUPROF, takwarorinsu na Landan kuma suna gidan adana takardun Ingila da ke Kew, a jerin CO 446. Ɗalibin da ke son sanin abin da Temple ya rubuta a makon da aka ci Burmi, sai ya haɗa biyun, domin abin da ya tashi daga Bauchi ba lalle ne shi ya isa Landan ba.