Sharon da Hiace: Yadda Motar Iyali Ta Koma Motar Haya a Hanyar Gummi

Motar da direbobin Gummi ke kira Sharon, ainihin sunanta Volkswagen Sharan. An fara ƙera ta a 1995 a garin Palmela na ƙasar Fotugal, tare da tagwayarta Ford Galaxy, domin iyalin Bature: kujeru bakwai, da ƙafafun ƙaramar mota da suka dace da lafiyayyar kwalta. Toyota Hiace kuwa, wadda ta fito daga Japan tun 1967, da ma don dako da jigilar jama'a aka yi ta, shi ya sa ƙasanta ya fi jure nauyi.

To me ya sa Sharon ta kasance abar so a tasha? Kwatanonta ya fi araha, sannan tana cika da wuri. Kafin Hiace mai kujeru 18 ta cika, rana ta yi nisa, kuma babu mai son yamma ta riske shi tsakanin Daki Takwas da Anka saboda 'yan bindiga. A nan saurin tashi batun tsira ne.

Sai dai motar mutum bakwai kan ɗauki fasinja goma: biyu a gaba, huɗu-huɗu a baya, ga buhunan hatsi sun hana but rufuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, direbobi ke cewa ba lodi, ba riba. Hujjarsu abar dubawa ce, amma birki da tayoyin Sharon ba don wannan nauyi aka auna su ba, kuma a haka take wuce shingayen jami'an tsaro kullum.