Horar da Ma'aikata da Aikin Ƙaramar Hukuma

A zamanin En'e yawancin ma'aikata a bakin aiki suke koyon aiki. Yaro yakan zauna kusa da akawu ko ma'aji har hannunsa ya faɗa. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 sai aiki ya yi yawa, kuɗi kuma suka fara zuwa daga Gwamnatin Tarayya, aka ga wannan hanya ba za ta wadatar ba. Saboda haka aka ɗora wa jami'o'i uku nauyin horar da ma'aikata, wato ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Ife, da ta Nsukka. Namu na Kano, Kongo suka fi zuwa. Aka kuma keɓe kashi 1 cikin 100 na kason ƙananan hukumomi domin kos da bita.

To, ina amfanin wannan ga talaka? Mu duba ƙasarmu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ke bin kwalbatoci da magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure, ana noman shinkafa da alkama da tumatir har da rani. Ruwan na Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are ne, amma kasuwa da hanyar ƙauye da ɗakin shan magani suna wuyan ƙaramar hukuma. Inda ruwa ya kwanta kuwa, akwai sauro, akwai katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Ma'aikacin lafiyar da ya sami horo, da ya ji yaro yana fitsarin jini ya san abin da ke nan, ya ba da magani, ya kuma gargaɗi iyaye game da wanka a magudana. Wanda bai sani ba sai ya ba da maganin zazzaɓi ya sallame shi. Haka mai karɓar haraji a kasuwa: in bai iya riƙe littafi da rasit ba, kuɗin gyaran hanya ne ke zubewa.

Sai dai muna ganin kos kaɗai ba ya gyara aiki. Sau da yawa ana zaɓen masu tafiya don sanayya, wasu kuma kuɗin guzuri ne ya kai su. Abin da ya fi damunmu shi ne mutum ya yi shekara biyu a Zariya yana koyon lissafin baitulmali, ya komo Dawakin Kudu ko wata hukuma, a ajiye shi a sashen da ba ruwansa da lissafi. Wani kuma ko kujera bai ɗumama ba za a yi masa canji.