Auna Ƙarfin Na'urar Sanyaya Ɗaki Kafin a Saya

Ana auna ƙarfin na'urar sanyaya ɗaki, wadda aka fi sani da esi, da yawan zafin da take iya fitarwa daga ɗaki a cikin awa ɗaya. Ma'aunin da ake rubutawa a jikinta shi ne BTU, amma a kasuwannin Kano ƙarfin doki ake ambata. Mai doki ɗaya tana ba da kimanin BTU 9,000, mai ɗaya da rabi 12,000, mai doki biyu kuwa 18,000.

Faɗin ɗaki ne farkon lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, idan yana da silin, doki ɗaya ya ishe shi. Falon da ya kai ƙafa 15 da 20 sai doki biyu. Sai dai a karkarar arewacin Kano, irin su Dambatta, Bichi, Makoda da Minjibir, inda zafin bazara kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, rufi ya fi faɗin ƙasa tasiri. Kwanon da ba a yi masa silin ba yana zubo zafi tun daga hantsi har la'asar, na'urar kuwa ta yi ta aiki ba hutu, ɗakin bai yi sanyi ba. Ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana jinkirta shigar zafi, don haka ɗaki iri ɗaya na bulo da kwano ya fi shi buƙatar ƙarfi. Sau da yawa kuɗin silin ya fi kuɗin ƙarin rabin doki amfani. Taga mai kallon yamma ita ma tana ƙara nauyi, haka nan mutane: duk wanda ya ƙaru bayan biyu ana ƙara masa kimanin BTU 600.

Na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki ma ba riba ba ce. Takan sanyaya iska da sauri ta tsaya, ta sake tashi, kwamfuresa tana gajiya, da damina kuma ta bar ɗakin da danshi.

Saura batun wuta, wanda a ƙauye shi ne mai yanke hukunci. Mai doki ɗaya tana jan wajen wat 800 zuwa 900, kuma a lokacin tashi takan ninka hakan sau da dama. Ƙaramin janareton da ake kunna fanka da talabijin da shi ba zai ɗauke ta ba, wutar lantarkin kamfanin KEDCO idan ta zo da rauni kuma tana iya ƙona kwamfuresa in ba a sa mata sitabilaiza ba. Mai amfani da sola ya fi dacewa da samfurin inbata, domin tana tashi a hankali, tana rage jan wuta idan ɗaki ya yi sanyi. Da hunturu ƙura kan toshe matatar iskar, ƙarfin sanyi ya ragu, don haka ake wanke ta duk bayan mako biyu.