Lasifika Cikin Kwali, Cinikin Biri a Sama

Jama'ar Sabon Birni da Isa, tun da hanya ta yi wuya, ta waya aka sayen lasifika daga Kano ko Sakkwato, kunne bai ji ba. Mu masu hatsi ba mu biyan buhu sai mun soka mun ga ƙwaya.

Risala ta halatta cinikin abin da ba shi nan bisa siffa, amma ba a sharɗanta biya tun gaba in wurin da nisa. To a faɗi siffar: wat na RMS, ba PMPO na jikin kwali ba, om 4 ko 8, daidai da amfilifaya. In ta iso, a taɓa batirin tocila ga wayoyinta, lafiyayya za ta yi ƙwas. Sharaɗin mayarwa kuwa gaban dillali.

Allah shi ba da kasuwa.