Ladabin Neman Taimako A WhatsApp Ga Masu Sana'ar Waya

Masu gyaran waya, masu POS da masu koyon haɗa manhaja a Anka, Gummi da Bukkuyum suna yawan tambayar na gaba da su a sana'a ta WhatsApp. Yadda aka yi tambayar shi ke sa a amsa ko a share.

Sallama kaɗai ba tambaya ba ce. Bayan gaisuwa, a faɗi irin wayar, Tecno ce ko Itel, da matsalarta, da abin da aka riga aka gwada, duk a saƙo ɗaya. Rubutu ya fi dogon saƙon murya, domin yana wucewa ko sabis ya yi rauni, kuma ana iya nemo shi daga baya.

Kafin a tura hoton rasit, a rufe suna, lambar waya da lambar asusun kwastoma. Tun 2022 zaure ɗaya na ɗaukar mutum 1,024, kuma ba kowa aka sani ba. A yankin da 'yan bindiga ke da infoma, rasit ɗin kuɗi mai yawa na iya jefa mai shi cikin haɗari.

Idan matsalar ta warware, a dawo a faɗi abin da ya yi aiki, a gode wa wanda ya taimaka. Yaba kyauta tukwici.