Allurar Baya da Daren Bayan Tiyata

Idan naƙuda ta gagara a wani ƙauyen Badagishiri har ma'aikatan cibiyar lafiya suka ce sai an yi aiki, sai iyali su kama hanya: ko Illela, ko Tawa mai nisan kimanin kilomita 50, ko kudu zuwa Galmi, inda asibitin mishan ke aiki tun 1950. Tun 2005 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa mata kuɗin wannan aiki a asibitocinta. Tsoro dai yana nan, kuma yawancinsa a kan allurar gadon baya yake. Mata na gaya wa juna cewa tana barin ciwon baya na har abada, wasu ma su ce tana shanye ƙafafu.

Allurar nan tsohuwa ce. Likitan Jamus August Bier ya fara yi wa majinyata tiyata da ita a birnin Kiel a 1898. Ana soka ta a ƙasan baya, ƙasa da inda lakar ta ƙare, a zuba magani kaɗan, yawanci bufibakayin, cikin ruwan da ke kewaye da jijiyoyi. Daga ƙirji zuwa ƙafa sai jiki ya mutu na awa biyu ko uku. Matar tana farke, tana numfashi da kanta, tana jin kukan jaririnta. Wannan babbar riba ce, domin sa mai ciki barci gaba ɗaya yana da haɗari: sa mata bututun numfashi ya fi wuya, kuma abin da ke cikinta kan iya komawa huhu. Ciwon kai na 'yan kwanaki yakan biyo baya ga wasu, shanyewar ƙafa kuwa da wuya ƙwarai ta faru.

Haɗarin gaske na wannan allura shi ne faɗuwar ƙarfin jini. Maganin yana sassauta hanyoyin jini, sai jinin ya taru a ƙasan jiki. Mace mai ƙoshin lafiya za a tallafa mata da ƙarin ruwa da allurar efedirin, a karkata ta kaɗan zuwa hagu. Amma wadda ta kwana biyu tana naƙuda, ba ci ba sha, ta zubar da jini a amalanke kafin a samu mota, zuciyarta na iya tsayawa. Irin wannan mace akan zaɓa mata ketamin, maganin da aka haɗa a 1962, wanda ba ya karya ƙarfin jini. A asibitocin gunduma, wanda ke yanke wannan hukunci cikin mintuna galibi ƙwararren ma'aikacin jinya ne, don likitocin fannin kaɗan ne kuma sun taru a Yamai. Ma'aikatan jinyar nan sun cancanci a san da su, a kuma wadata su da kayan aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan an fito da mace daga ɗakin tiyata. A 2016 an bi majinyata 11,422 da aka yi wa tiyata a ƙasashen Afirka 25, har da Nijar da Najeriya, aka buga sakamakon a mujallar The Lancet a 2018. Mutum 239 sun rasu, amma 14 kacal suka rasu a ranar aikin. Sauran a kwanakin da suka biyo baya suka cika. Ɓangaren binciken da ya dubi masu haihuwa ya nuna mace-macensu ya ninka na ƙasashe masu arziki sau 50. Wato an gama aiki lafiya, dangi sun yi hamdala, sai jini ya ci gaba da zuba a hankali cikin dare, ko jijjiga ta taso, ma'aikaciya ɗaya na fama da gadaje da yawa, ba wanda ya lura sai lokaci ya ƙure.

Lurar nan ba ta buƙatar manyan injuna. Ana buƙatar mai auna bugun zuciya da ƙarfin jini a kai a kai, ya taɓa mara ya ji ko mahaifa ta ƙanƙance, ya duba zanin matar. Ana buƙatar 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, wadda injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya gano dabararta a shekarun 1970. Idan oksijin ɗin jini ya sauka ƙasa da kashi 90 cikin 100 sai ta yi kuka, tun kafin ido ya gani, balle ga baƙar fata mai ƙarancin jini, wadda canjin launin leɓenta ba ya bayyana da wuri.

'Yan ci-ranin Adar, wato yankin Tawa, da ke Abijan da Legas sun saba haɗa kuɗi su gina masallaci ko rijiya a gida. Ina roƙonsu su tambayi asibitin gundumarsu na'urar yatsa nawa ke ɗakin masu jego, da ko akwai oksijin idan wuta ta ɗauke. Maza kuwa, idan an ce a tafi, a tafi nan take, tare da 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini.